Rabin Kati

A Tsafe in ka ce kana neman Huseina tela, sai an tambaye ka wacce daga ciki, don sun kai uku. Amma in ka ce Huseina Rabi-rabi, ko baƙon da ya kwana biyu a garin zai nuna maka shagonta da baki, can bayan kasuwa kusa da masu niƙa. Mutanen gari ne suka raɗa mata sunan, kuma ta yi shekara ashirin tana amsa shi da dariya. Tun daminar bara ta daina. Masu hankali sun lura sun bari, marasa hankali har gobe suna kira, ita kuwa sai ta sunkuyar da kai ta ci gaba da taka kekenta.

A Bilbis aka haife ta, ita da Hassana, rana ɗaya, ciki ɗaya. Uwarsu Inna Zulai mace ce mai tsoron tagwaye fiye da yadda take tsoron mijinta. Ta yarda ɗari bisa ɗari cewa in aka fifita ɗaya a kan ɗaya, wadda aka ɓata wa rai za ta hana tukunya tafasa, ko ta turo kunama cikin shimfiɗa. Saboda haka ta kafa doka a gidan: duk abin da ya shiga hannun ɗaya, rabinsa na ɗayar ne. Dafaffen ƙwai da zare take yanka shi. Alewa da haƙori. Akwai ranar da wani kawunsu ya kawo ɗankwali guda, bai san abin da ya jawo wa kansa ba, Inna Zulai ta sa reza ta tsaga shi a gabansa, yaran suka yi yawo da abin da bai isa ya rufe ko tsakar kai ba. Kunama dai ba ta taɓa harbin kowa a gidan ba, kuma wannan ya ishi Inna Zulai hujja har ta koma ga Allah.

Yaran sun girma sun daina yarda da zancen kunama, amma rabon ya riga ya shiga jininsu. Rana ɗaya aka ɗaura musu aure. Huseina ta faɗo Tsafe, gidan Malam Shu'aibu masinja, mutum mai sanyin hali wanda ya bar ta ta koyi ɗinki har ta kama shago. Hassana aka kai ta wani ƙauye bayan Bungudu, gidan Lukuman manomi. Gusau ta raba su a tsakiya. Da aka zo tafiya sai da aka ɓamɓare hannun wannan daga na waccan.

Nisa bai kashe doka ba. Akwai wani direba, Malam Attahiru, dattijo mai tsohuwar mota da ke jigilar hatsi da fasinja tsakanin Tsafe da Bungudu, shi ya zama igiyar da ta ɗaure su. In Huseina ta sayi atamfa turmi guda, yadi uku nata, yadi uku a ƙulle a ba Attahiru. Sabulun wanka ta yanka shi biyu. Naman layya, man shafawa, har kwalli. Daga can kuma rabin tulun man shanu ke zuwa, da rabin ƙwaryar daddawa, wata rana ma rabin kabewa, an rufe bakinta da ganye. Attahiru yakan tsaya a bakin shago ya danna hon sau biyu, ya miƙo hannu ta taga ba tare da ya tambayi mene ne ba. A tashar Bungudu Lukuman ke zuwa da babur ya karɓa.

Yanzu sai zancen sanyi. Ban san wanda ya fara kiran wannan ciwo da sanyi ba, amma ko wane ne ya cuci mata. Kalma ce mai kunya, mai lulluɓi, wadda mace za ta iya faɗa wa namiji a bayan kanta ba tare da ta ɗaga ido ba, shi ya sa aka tura mata komai. Ƙaiƙayi sanyi ne, ciwon mara sanyi ne, fitar ruwa sanyi ne, fitsarin da ke fita kamar an jiƙa barkono shi ma sanyi ne. Ciwo huɗu ko biyar, kowanne da maganinsa daban, an cusa su cikin buhu ɗaya an ɗaure. Mai ciwon ta ce sanyi, mai kyamis ya ce to, ba wanda ya ƙara tambaya.

Na Huseina na fitsari ne, kuma ba abin mamaki ba ne. Shagonta ba shi da makewayi. Na kasuwa kuwa ko ta gabansa ba ta iya wucewa sai ta toshe hanci, ga maza zaune a bakin hanya suna kallon mai shiga da mai fita. Sai ta koya wa kanta riƙo. Ta fito da hantsi, ba za ta zaga ba sai ta koma gida la'asar, lokacin ɗinkin sallah kuwa har magariba. Don kada ya matse ta, sai ta daina shan ruwa, a cikin zafin Tsafe, tana taka keke gumi na tsiyaya. Wata safiya tana da shekara talatin da biyu ta tsuguna, ta ji kamar ana zare mata rai ta ƙasa. Ta tashi, kafin ta kai ɗaki ta sake jin wani, ta koma, ɗigo uku ne, da jini-jini.

Malam Shu'aibu ya kai ta asibiti. Aka rubuta mata wasu fararen ƙwayoyi masu tsaga a tsakiya, kati guda, ma'aikaciyar ta ja mata kunne cewa ko ta ji sauƙi kada ta tsaya, ta shanye duka. Da yamma ta kira Hassana a waya tana ba ta labari, sai Hassana ta yi 'yar dariya ta ce ai ita wata biyu ke nan tana fama da shi, jiƙo take sha. Ɗakin shan maganin ƙauyensu a rufe yake tun da 'yan bindiga suka fara shigowa yankin, ma'aikacin ya tattara nasa ya nasa ya bar garin. Zuwa Bungudu kuwa sai Lukuman ya ajiye aikin gona ya goya ta, ita kuma ba za ta iya buɗe baki ta gaya masa inda ke mata ciwo ba.

Huseina ba ta yi shawara da kowa ba, don a wurinta babu abin shawara. Ta ɗauki almakashin ɗinkinta, ta bi tsakiyar katin ta yanke shi tsaf, ko ƙwaya ɗaya ba ta ɓare ba. Ta ƙulle rabin a ƙyallen atamfa. Washegari Attahiru ya danna hon.

Abin takaicin shi ne, ya yi aiki. Kwana biyu zafin ya ɗauke mata, ya ɗauke wa Hassana. Da a ce tun ranar farko abin ya ƙi, da wataƙila an gane. Amma ya yi musu daɗi, suka gode wa Allah, suka ce ashe rabi ma ya isa, masu asibiti ne da son cika wa mutum ciki da ƙwaya.

Bayan wata huɗu ya dawo. Ta koma asibiti, ma'aikaciyar ta duba kati ta tambaye ta ko ta shanye na wancan karon. Huseina ta ce ta shanye. Ba ƙarya ta yi ba, a iya saninta. Nata ta shanye, ɗayan rabin ai ba nata ba ne tun asali. Haka ta riƙa amsa wannan tambaya shekara da shekaru, da zuciya ɗaya, kuma ba wanda ya taɓa tunanin ya tambaye ta guda nawa ta haɗiya.

Daga baya ma ta daina wahalar da kanta da layin asibiti. Sai ta miƙa ɓawon katin a kyamis a ba ta irinsa. Da farin mai tsaga ya daina aiki, aka ba ta kafso ja-da-baƙi. Da shi ma ya gaji, aka ba ta wani dogo da ake cewa ya fi ƙarfi, daga nan wani mai ruwan ƙwai. Sau uku, sau huɗu a shekara. In nata ya tashi, ta aika rabi ko Hassana lafiyarta lau, ta ce ta sha don rigakafi. In na Hassana ya tashi, Huseina ta sayo ta sha rabi ta aika rabi. Sau biyu an ce ta je Gusau a yi mata awon fitsari, ta ce ita ba ta ɗaukar najasa a kwalba ta shiga mota cikin mutane. Shekara tara ana haka. A tsakani Hassana ta kamu da ciwon suga, ta rame, ba ta fasa daka da ɗiban ruwa ba.

A daminar bara, lokacin da gero ya fara fitar da kai, Hassana ta kira ta. Muryarta ta canza. Ta ce wannan karon ba a mara kaɗai yake ba, ya hau kwiɓi, bayanta kamar an sa gatari, ga zazzaɓi da rawar ɗari tsakar rana. Huseina ma a makon nata ya motsa. Ta sayo mai ruwan ƙwan, ta ɗauki almakashi, sai ta tsaya. Karo na farko a rayuwarta ta ajiye shi, ta ƙulle katin ɗungurungum ta ba Attahiru.

Bayan kwana biyu ya danna hon, ya miƙo mata ƙullin da ta sani. Ta kwance. Rabin katin ne, an yanka shi da wuƙa, karkace, har an ɓare ƙwaya ɗaya an mayar da ita an liƙe da ƙulli. Ta kira waya tana faɗa.

"Mi ya sa kinka maido? Naki na, duka."

"Ke ma kina da shi," in ji Hassana, numfashinta na sarƙewa. "Na ji ga muryarki. In na shanye, ke mi za ki sha?"

Huseina ta zauna ta yi kuka a kan keke, sannan ta sha rabin, don ba ta san yadda ake ƙin abin da Hassana ta aiko ba.

Kwana uku bayan haka Lukuman ya kira da kansa, mutumin da bai taɓa kiran ta ba. Ya ce Hassana amai take yi, ko ruwa ba ya zama, kuma ta fara kiran sunan Inna Zulai. Tun jiya ya so fitowa da ita, aka ce an tare hanya, ba babur ɗin da ya yarda ya fita. Yau an samu sun iso Bungudu, an ce su wuce Gusau. Huseina ta rufe shago ko zaren da ke kan allura ba ta cire ba. A mota ta zauna a takure, mararta na ci da wuta, direba kuma ba ya tsayawa kowa a wannan hanya ko da mutum zai jiƙa kujera. Da suka wuce duwatsun Kwatarkwashi ta lura cewa tun Tsafe take riƙe da almakashinta a cikin hijabi.

A asibiti ta tarar an sa wa Hassana ƙarin ruwa, an rataya wata leda a gefen gado da fitsari ke sauka a ciki, ɗan kaɗan, launin shayi. Likitar mace ce, Nafisa, doguwa mai tabarau, da alamar gajiya a fuskarta. Ta ce ciwon mafitsara ne ya hau ƙoda, daga ƙoda ya shiga jini. An ɗebi fitsari da jini an kai ɗakin gwaji, za a reni ƙwayar cutar a ga wane magani ke kashe ta, amma sai an kwana biyu zuwa uku. Kafin nan an fara allurar da aka saba farawa da ita. Sannan ta tambayi abin da majinyaciyar ta sha a gida.

Lukuman ya ciro wani gwangwanin madara da ya taho da shi, ya ce a nan take ajiye kayan maganinta. Aka juye a kan tebur. Hassana ba ta yar da komai da ya fito daga hannun Huseina. Ɓawon katuna ne, sun fi talatin, fari da ja-da-baƙi da mai ruwan ƙwai, kowanne rabi, kusan kowanne da yanka miƙaƙƙe kamar an ja layi. Likita ta juya su da yatsa ta tambayi wanda ke yanka su.

"Ni ta," in ji Huseina. Har da ɗan alfahari ta faɗa, Allah ya sani. "Tagwaye muke. Ban taɓa shan magani na bar ta ba."

Likita Nafisa ta cire tabarau ta murza ido. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙi. Ta yi bayani a hankali cewa rabin magani yakan kashe ƙwayoyin cuta masu rauni ya bar masu taurin rai, su kwanta, su hayayyafa, su tashi sun san maganin. Shan sa ba ciwo, ko shan sa ba a auna an san wace cuta ce ba, shi ma horar da su yake yi. Ta ce ba su kaɗai ba ne, rabin matan da ke kwance a ɗakin nan labarinsu ke nan, ga sugan Hassana ya ƙara rura abin. Huseina ba ta ji wannan ƙarshen ba. Kunnenta ya tsaya a kan rabin magani. Likita ta miƙa mata kwalba ta ce ita ma ta kawo nata, yanzu. Wannan karon ba ta ce najasa ba.

Kwana biyu tana zaune a gefen gado tana kallon ledar nan. Ta zama ba ta kallon fuskar 'yar'uwarta, ledar take kallo, don an gaya mata in fitsari na sauka ƙoda na aiki. Tana shafa mata ruwa a goshi, tana gyara mata ɗankwali, tana ƙirga ɗigo. Zazzaɓin bai sauka ba. Ledar ranar farko ta kai rabi. Ta rana ta biyu ko gindinta ba ta rufe ba.

Da hantsin rana ta uku takarda ta fito. Huseina ba ta yi boko ba, amma ido gare ta. Sunayen magunguna ne a jere daga sama zuwa ƙasa, a gaban kowanne harafi iri ɗaya, mai ƙafa a buɗe, an maimaita shi har ya kusa cika shafin. Likita ta ce wannan harafin na nufin cutar ba ta jin maganin, har da allurar da aka kwana biyu ana yi. Biyu kacal suka fita daban. Ɗaya kafso ne mai aiki a mafitsara kaɗai, ba ya isa ƙoda. Ɗayan allura ce da sai an nemo ta a cikin gari. Lukuman ya fita a guje, azahar ya dawo da ita, aka ɗaura.

Wajen la'asar Hassana ta buɗe ido, ta gane ta sarai. Ta dubi robar da ke hannunta, ta bi ta da kallo har sama inda maganin ke ɗiga, sannan ta dubi hannun Huseina, ba komai a jiki.

"Ke hwa?" ta ce. "An ba ki naki?"

Huseina ta ce an ba ta. Hassana ta lumshe ido kamar wadda aka sauke wa kaya. Ba ta sake magana ba. Maganin daidai ne, amma ya zo a makare, ƙodar ta riga ta tsaya. Washegari da hantsi, ana shirin rubuta musu takardar zuwa inda ake wankin ƙoda, ta cika.

Kafin a fitar da gawa Likita Nafisa ta tare Huseina a baranda da tata takardar. Harafin nan ne dai, jere, kusan ba bambanci da ta Hassana. Sai dai nata bai wuce mafitsara ba tukuna, don haka kafson nan zai yi mata. Ta damƙa mata kati guda, ƙwaya goma sha huɗu, layi biyu bakwai-bakwai, safe da yamma har kwana bakwai. Ta riƙe hannunta ta ce wannan ne ya rage mata na haɗiya, in ta yi wasa da shi, gaba sai gado da allura, kuma ta ga yadda hakan ke ƙarewa. Ta ce goma sha huɗu, ba bakwai ba. Ta sa ta maimaita.

A ƙauyen su Lukuman aka yi jana'iza. Huseina ta zauna karɓar gaisuwa kwana uku, mata na shigowa suna firgita in sun gan ta, don fuskar da suka binne ce zaune a kan tabarma. Tana shan maganin a kan lokaci, kuma tun a rana ta biyu zafin ya ɗauke, kamar yadda ya saba. Rana ta huɗu da safe ta sha, ta hau mota ta koma Tsafe.

Ba ta iya zaman gida ba, sai ta buɗe shago da la'asar, ba don ɗinki ba. Ta zauna a gaban keke, ta ciro katin don ta sha na yamma, sai ta ga abin da hannunta ya yi ba da saninta ba. Layi ɗaya ta bi tun daga sama har ƙasa, bakwai, duk ta ɓare. Ɗayan layin ko taɓa shi ba ta yi ba. Kafin ta yi wani tunani almakashi ya bi tsakiya, ɓawon ya faɗi ƙasa, ta jawo ƙyalle daga cikin tarkacen yadi ta ƙulle.

A daidai nan Attahiru ya tsaya a bakin shago. Ta'aziyya ya zo yi, don bai samu zuwa jana'iza ba, amma hannu da sabo, sai da ya danna hon sau biyu. Ta fito da ƙullin. Shi ma ya miƙo hannu ta taga. Sai da yatsunsa suka taɓa ƙyallen sannan ya janye, ya kashe mota, ya fito ya cire hula ya mayar.

"Huseina," ya ce a hankali, "wa za ni kai ma?"

Ta tsaya da ƙullin a hannu har ya gama addu'arsa ya tafi. Masu niƙa na ta niƙansu. Ta koma ciki ta kwance ƙyallen, ta ɓare ta farko a layin. Ta daɗe tana kallon ta a tafin hannu. Shekara arba'in da ɗaya ba ta taɓa sa rabon Hassana a bakinta ba, ko da na ɓarin goro ne. Ta ɗebi ruwa a moɗa, ta ce, "Hassana, ki yahe mani," ta haɗiya. Ta tsaya mata a maƙogwaro, sai da ta ƙara ruwa, hawaye na zuba cikin moɗar.

Ta ajiye katin a kan keke, inda za ta gan shi da safe. Saura shida.